Kazar da ta kwana ba wuta

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce maigidanki ya shigo da figaggiyar kaza da la'asar, kika sa a firigo, aka ɗauke wuta tun magariba har gari ya waye, da safe kika ji warinta ya sauya. Hajiya uwar mijinki kuma ta ce ki wanke da lemun tsami ki soya, wai haka aka gada. Kina son sanin ko al'ada ce.

Ba haka na gada ba. A gidanmu na unguwar Birni a Damagaram kaza da ranta take shigowa. Ranar Alhamis kakanki zai sayo ta a kasuwar Dole, ƙafafu a ɗaure, a sake ta a tsakar gida har ranar da baƙo ya sauka ko za a kai wa mai jego. A yanka, a fige, a babbake, kafin jinin ya bushe a ƙasa tana cikin tukunya. Abin da ya yi saura a soya shi ƙayau ko a yi banda. Ɗanyen nama ba ya kwana. Lemun tsamin da Hajiya ta sani na kashe ƙarni ne, kuma ta yi gaskiya a nan. Amma ƙarni daban, ɓaci daban.

Ki fara da hanci. Sabuwar kaza ƙarni kaɗan take yi. Idan kin ji tsami-tsami, ko wari irin na baragurbi, magana ta ƙare. Sannan ki shafa yatsa ƙarƙashin fiffike da cikin cinya, don can take fara nunawa. Damshi ba laifi ba ne, amma yauƙin da ke manne wa yatsa kamar na kuɓewa, ki ɗauraye ya ƙi fita, wannan ɓaci ne. Tsoka kuwa idan ta koma launin toka ko ta soma kore, kada ki tsaya shawara. Kar rawayar kitsen kazar gida ta ruɗe ki, ita lafiya ce, haka duhun namanta.

Abin da ya fi damuna shi ne wadda ba ta nuna komai. Ƙwayar cuta irin salmonela ba ta da wari. Shi ya sa nake ƙirga lokaci: a firigo mai sanyi sosai kwana 1 ko 2, a waje awa 2, a zafin bazarar Damagaram da ke wuce digiri 40 kuwa awa 1 ma ta isa. Wata shekara a watan Afrilu na bar kaza cikin leda tun hantsi har la'asar, na ji ƙyashin zubarwa, na cika mata yaji da tafarnuwa. Daren nan yara biyu suka kwana amai da gudawa, ƙaramin sai da aka yi masa ƙarin ruwa a gidan likita. Wutar girki ba ta kashe duk dafin da ɓataccen nama ya riga ya tara.

Wannan kazar ki haƙa rami ki binne ta, ki wanke wuƙa da kwano da sabulu kafin su taɓa salak. Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita. Kafin ki binne, ki kai mata kwanon da ladabi ki ce, "Inna, shinshina ki ji." Hancinta ya girmi naki. In Allah ya kai mu Alhamis, ki ce wa maigidan ya sayo mai rai, zan zo in nuna miki yadda ake banda.