Sanyaya ƙarfe kafin a danna shi a gurbinsa

Ka tambaye ni: "Maigida, wanda yake haɗa inji a gida, ba shi da injin matsa, in ya saka bututun bawul ko boris a firiza ya kwana, zai shiga gurbinsa ba sai da duka ba?"

Yarona, firiza tana taimakawa, amma ba ita kaɗai za ta ɗauki nauyin aikin ba. Ɗauko biro mu yi lissafi. Baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana tsukewa da kusan milimita 0.012 duk lokacin da zafinsa ya sauka da digiri ɗaya. Alminiyam kuwa kusan 0.023 ne, wato ninki biyu ke nan. Firizar gida tana kai wa digiri 18 ƙasa da sifili. In zafin ɗakin aikinka digiri 25 ne, tazarar ita ce digiri 43. Bututun bawul, wato wanda ake dannawa a ramin kan silinda don sandar bawul ta riƙa zirga-zirga a cikinsa, in kaurinsa milimita 13 ne zai tsuke da kusan milimita 0.007 kacal, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba. Alhali yawanci ana ƙera bututun ya fi raminsa kauri da milimita 0.025 zuwa 0.05, don ya kama ƙam. Ka ga sanyin bai ci ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarin kaurin ba.

Yanzu duba ɗaya ɓangaren. In ka ɗumama kan silinda na alminiyam zuwa digiri 125, ramin nan na milimita 13 zai buɗe da kusan 0.03. Haɗa da na sanyi, ka samu 0.037, kuma a nan ne bututun zai shiga da ɗan bugu mai sauƙi. Mazaunin bawul, zoben da bawul ke zama a kansa in ya rufe, mai faɗin milimita 40 ma haka: firiza ta ba ka 0.02, zafi ya ba ka 0.09. Don haka ƙa'idar ita ce: na ciki a sanyaya shi, na waje a ɗumama shi, kuma zafin ne ke yin mafi yawan aikin. In kan silindar na ƙarfen zubi ne, buɗewarsa ba ta kai rabin ta alminiyam ba, sai ka shirya wa matsi mai ƙarfi.

Kafin duk wannan, awo. Auna kaurin abin da faɗin ramin da maikiromita, dukansu suna zafin ɗaki ɗaya, a wuri uku ko huɗu, ka gwada da adadin da littafin injin ya bayar. In matsin ya yi kaɗan, mazaunin bawul zai saki idan inji ya ɗau zafi, ya faɗo kan fistan ya farfasa komai. In ya yi yawa, ramin ya tsage. Sanyi ba ya gyara kuskuren awo, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci.

Wanke ramin tas, ka shafa da yatsa ka ji ko akwai ƙaiƙayin ƙarfe a bakinsa, in akwai ka goge da samfefa mai laushi. Abin da za a sanyaya ka shafe shi da man inji siriri, ka ɗaure shi a leda, ka saka a firiza. Ƙananan abubuwa awa biyu zuwa uku sun ishe su. Kwana ba zai sa su fi firizar sanyi ba. Ledar tana da amfani, domin da zarar ƙarfe mai sanyi ya sha iska raɓa za ta sauka a kansa ta daskare, daga baya ta narke a cikin ramin ta zama tsatsa. Ka saka ƙarfen da za ka tura shi da shi a firizar tare, in ba haka ba shi ne zai fara ɗumama maka bututun.

Kan silindar kuma a tanda za ka ɗumama shi, ko'ina ya ɗauka daidai, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, kada ya wuce digiri 150. Ba tandar abinci ba, saboda hayaƙin mai. Kada ka haska masa wutar walda a wuri ɗaya: zai iya lanƙwashewa, alminiyam ɗin kuma ya yi laushi, ga shi ba ya canja launi balle ya gargaɗe ka.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne lokaci. Bututun bawul ba shi da nauyi, yana taɓa alminiyam mai zafi yake fara kumbura, cikin daƙiƙa kaɗan tazarar da ka sha wahalar samu ta rufe. Saboda haka komai ya zama a shirye: kan silinda a kan katako, guduma a hannun dama, zoben da zai tsayar da bututun a zurfin da ake so yana jikin ƙarfen turawa. Ciro ɗaya ɗaya da safar hannu, ka rufe firizar, ka daidaita shi a miƙe, ka tura shi har ƙasa ba tsayawa. Saurari ƙarar bugun: idan ya zauna za ka ji ta sauya ta yi ƙarfi, sai ka dakata. In ya maƙale a rabi ko ya karkace, kada ka ƙara duka, zai kankare alminiyam ɗin ramin. Bari komai ya huce, ka fitar da shi, ka duba ramin, ka sake.

Akwai busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, mai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ba da fiye da ninki biyu na abin da firiza ke bayarwa. Ruwan naitirojin ya kai 196 ƙasa da sifili, amma wannan ba na gida ba ne. Busasshiyar ƙanƙarar ma tana ƙona fata, kada ka toshe ta a kwalba domin za ta fashe, kuma ka buɗe tagogi saboda iskar da take saki tana shaƙe mutum. Ƙarfen da ya yi irin wannan sanyi yana saurin tsagewa, sai a bi shi a hankali.

Boris da zai shiga rami, shi ake sanyayawa, a matsa zobensa na waje kawai. Wanda zai hau sanda kuwa shi ake ɗumamawa, kada ya wuce digiri 120, mai rufaffen giris ma ƙasa da haka, a matsa zoben ciki. Robar tare mai ba ta shiga firiza, sanyi yana taurara leɓenta.

Bayan ka gama, bar kan silindar ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa. Matsin zai ɗan tsuke cikin bututun, don haka sai ya huce sarai za ka bi shi da rima, ƙarfen da ke daidaita faɗin rami, ka gwada sandar bawul a ciki, sannan a yanka fuskar mazaunin ta bi tsakiyar sabon bututun.