Amsa kan matasa masu raina kowa a labaran Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko matasan nan masu raina kowa da komai a labaran Amurka rashin tarbiyya kawai marubuta ke tallatawa da su. A ganina ba haka ba ne, kuma Holden Caulfield, yaron da J. D. Salinger ya ba da labarinsa a littafinsa The Catcher in the Rye na shekarar 1951, ya isa misali. An kore shi daga makarantar kwana yana da shekara 16, ya yi ta gararamba a birnin New York yana ɗaukar kusan duk wani babba da ya gamu da shi a matsayin munafuki, amma wanda ya karanta a tsanake zai lura cewa yaron bai gama jimamin ƙanensa Allie ba, wanda sankarar jini ta kashe, kuma da zarar ya tuna ƙanwarsa Phoebe sai kaifin bakin nan ya dushe. Baƙin ciki ne yake ɓoyewa da izgili, kuma babu babban da ya zauna da shi a kan rashin da ya yi.

Daria, yarinyar da tashar MTV ta fara nuna shirin zane mai sunanta a 1997, ta sha bamban da shi, domin gatsenta ya samo asali ne daga hankalin da ta fi abokan karatunta, ga kuma ƙawarta Jane da ke fahimtarta. Inda zan ba ka gaskiya shi ne a kan marubutan da ke kwaikwayon waɗannan labarai, waɗanda suka ɗauki ɗaure fuska da baƙar magana suka bar dalilin, har ta kai yaron da ke labarinsu ba shi da abin da ke damunsa sai son a ce ya fi kowa wayo.