Na'urar tsawaita rimot: in zuba jari a kanta ko in dakata?

Wani ɗan kasuwa mai shagon dikoda, rimot da wayoyin talabijin a Gombe, wanda kuma yake da yara biyu masu ɗaura dish, ya aiko da tambaya. Ya ce masu sababbin gidaje a Tumfure da GRA yanzu suna manna talabijin a bango, su tura dikoda da akwatin sauti cikin kabad ko wani ɗaki don kada waya ta ɓata falo, sai rimot ya daina ci. Ya ji akwai na'urar da ke kai saƙon rimot inda aka ɓoye kayan. Yana da naira dubu 300 a hannu, yana so ya san ko ya saro ta da yawa ya jera a shago.

Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ka hango buƙata ta gaskiya, amma kada ka jera wannan kaya a kanta kamar batir. Wanda ya saya ya tafi da shi gida ya haɗa da kansa, mafi yawan lokuta gobe zai dawo maka da kwalin a yage, ya ce ba ya aiki, alhali lafiyarsa ƙalau. Ribar tana cikin aikin haɗawa, kuma kana da yaran da za su yi.

Fara da sanin abin da kake sayarwa. Rimot na yau da kullum haske yake harbawa, hasken infirared wanda ido ba ya gani, daga ɗan ƙwan da ke goshinsa. Haske kuwa ba ya ratsa katako ko bulo, shi ya sa da an rufe ƙofar kabad zance ya ƙare. Hasken yana ƙiftawa ne da sauri, galibi sau dubu 38 a daƙiƙa, wato kilohaz 38. Sony na amfani da 40, wasu kayan Philips 36, wasu akwatunan kuma har 56. Wannan lamba ita ce farkon abin da za ka duba a jikin kwali. Saitin da aka rubuta masa 38 kaɗai zai ci a wani gida ya ƙi a wani. Nemi wanda ya ɗauko daga 30 zuwa 60, ko da ya ɗan fi tsada.

Saiti cikakke abu huɗu ne. Akwai ido, ɗan ƙaramin abu da ake mannawa a ƙasan talabijin yana kallon masu zama. Akwai akwatin rabawa da ke zama cikin kabad. Akwai 'yan ƙwayaye masu siririyar waya da ake liƙa wa kowace na'ura a fuska, su ne ke maimaita hasken da idon ya gani. Sai adafta, yawanci mai bolt 12. Filogin idon zobe biyu baƙaƙe gare shi, domin waya uku yake ɗauka: wuta, ƙasa da sigina. Na ƙwayayen zobe ɗaya ne. Girman filogin duk ɗaya ne, milimita 3.5 irin na iyafis, don haka yaro mai gaggawa zai iya cusa wannan a ramin wancan. Kuma idon wani saiti mai bolt 5 ba ya zama a akwatin bolt 12, ko da ya shiga daram; ƙonewa zai yi. Kada a gauraya kayan kamfani biyu.

Kafin a taɓa komai a gidan mutum, a gwada rimot ɗinsa. A buɗe kyamarar waya, a nuna mata goshin rimot, a danna maɓalli. In ka ga wani haske fari-fari mai ruwan shuɗi yana ƙyalƙyal a allon, infirared ne. In ba ka gani ba, gwada kyamarar gaba, don wasu wayoyi suna tace shi a ta baya. In har yanzu shiru, kuma batir sabo ne, to mai yiwuwa rimot ɗin Bluetooth ne, irin na Fire TV Stick da wasu akwatunan Android. Waɗannan ba ruwansu da na'urarka, kuma sukan ci ta bayan katako ma. Wanda ka sayar masa da saiti a kan irin wannan, kuɗinsa za ka mayar, ka ƙara da zubewar mutunci.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wurin liƙa ƙwaya. Fuskar dikoda baƙar roba ce, tagar da ke karɓar saƙo tana ɓoye a bayanta. A haska tocilan waya a karkace a kan robar, za a hango ɗan murabba'i ko ɗan kumburi mai duhu a ciki. Nan ne wurin. A riƙe ƙwayar da yatsa a gwada canza tasha sau goma kafin a ɓare takardar gam. In an kauce da faɗin yatsa biyu, sai ka ga yau ya ci gobe ya ƙi. A kuma goge wurin tas tukuna. Gam ba ya kama ƙura, kuma kowa ya san abin da hunturu ke yi wa kayan falo a garin nan. Ɗan guntun baƙin salatif a kai yana riƙe ta ko zafi ya narkar da gam ɗin.

Shi ma idon yana da abokan gaba. Rana ita ce babba, domin cike take da infirared. Idon da ke fuskantar taga ta yamma zai yi aiki da safe, da la'asar ya makance. Dogon ƙwan lantarki da mai murɗaɗɗen nan suna dame shi, haka tsofaffin talabijin na filasma. Yawancin idanu suna da ɗan haske da ke ƙiftawa in saƙo ya shigo. In ka ga yana ta ƙiftawa ba wanda ya taɓa rimot, wani haske ne ke cika masa ido. A kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin, sannan a matsar da idon ko a yi masa 'yar rumfa.

In kayan suna wani ɗaki, hanya mafi tsafta ita ce wayar Cat6, irin wadda ake haɗa kwamfutoci da ita. Akwai 'yan akwatuna biyu masu ɗaukar hoton HDMI, wato wanda dikoda ke tura wa talabijin, a kan Cat6 har mita 50 ko 60, su dawo da saƙon rimot ta wayar nan ɗaya. Ido yana wajen talabijin, ƙwaya tana wajen dikoda. Nan ma ana yawan juya su, a sa ido a wurin ƙwaya. Amma wayar ta zama jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin guda da wuƙa, in ya yi fari a ciki, bar musu abinsu, don hoton zai riƙa ɗaukewa tun kafin a kai nisan da aka rubuta. Masu aiki ba waya, da ke tura saƙon ta iska, suna da sauƙin haɗawa, sai dai bulo da rodi na rage musu ƙarfi, kada ka yi alkawari a kansu sai ka gwada a gidan. Wasu dikodojin DStv masu mafitar RF, wato ramin wayar eriya, kuma suna karɓar nasu idon ta wayar eriya, in dai abin raba wayar mai barin wuta ta wuce ne.

Kada ka manta da gidajen kallon ƙwallo na Pantami, Bolari da Jekadafari. Mai gidan kallo yana son dikodojinsa a kulle, nesa da hannun jama'a. Matsalarsa daban ce: dikoda uku iri ɗaya, danna ɗaya duk su canza tasha ana tsakiyar wasa. Kowace dikoda sai an ba ta idonta da ƙwayarta, a rufe fuskarta da salatif yadda hasken maƙwabciyarta ba zai shiga ba, idanun kuma a nisanta su da juna.

Yanzu kuɗi. Cikin dubu 300 ɗin nan, kada abin da zai tafi a karon farko ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ko daga Sabon Gari a Kano kake sari ko daga Alaba a Legas, ɗauko iri biyu ko uku, guda bibbiyu. Ka haɗa ɗaya a shago: dikoda a cikin kwali a rufe ruf, talabijin a sama, ka miƙa wa mai saye rimot ya danna da hannunsa. Ka gwada su da DStv, GOtv, StarTimes da risibobin tauraron da mutanenka suka fi amfani da su. Wanda ya ci duka, shi za ka maimaita, kuma daga dillalin da ya yarda a rubuce zai canza wanda ya zo a mace.

Farashi kuma a dunƙule za ka faɗa, kaya da aiki, amma a littafinka ka rarrabe. A ce, don misali kawai, saiti ya iso shago a kan dubu 15 har da kuɗin mota. Ka ɗora ribarka, ka sa waya da mita, kuɗin Keke zuwa da dawowa, ladan yaro, sannan ka ware kamar kashi 10 cikin ɗari na komawa gyara, domin za a kira ka. Lissafin ka yi shi a kan abin da za ka biya in ka koma sari, tunda kayan waje ne, dala ke juya su. Ka karɓi kuɗin kaya gaba ɗaya kafin yara su fita, na aiki bayan maigida ya gwada da kansa. Babban gida ba ya hana bashi ya kwana.

Garanti ka ba da na wata uku a kan haɗi, ka cire adafta a ciki, ka rubuta haka a rasit. Ita ce ke fara mutuwa in wuta ta dawo da ƙarfi ko janareta ya yi tsalle. Ajiye adaftoci da ƙwayaye na canji fiye da saitin kansa. Su ne cinikin da zai riƙa dawowa.

Akwai abin da ya kamata ka gaya wa kowane maigida ko bai tambaya ba: zafi. Dikoda da akwatin sauti a kabad rufaffe, a watan Maris ko Afrilu, gasuwa suke yi. In suka lalace, kai da ka ɓoye su za a tuna. A huda bayan kabad sama da ƙasa, a bar tazarar tafin hannu a saman akwatin sauti, in da hali a sa 'yar fankar kwamfuta. Wannan ma aiki ne da kuɗinsa.

Masu kawo maka ciniki kuwa su ne kafintocin da ke ƙera kabad ɗin talabijin, masu silin na POP da masu wayarin. Ka zagaya wajensu, ku yi yarjejeniyar la'ada a kan kowane aiki, ka roƙe su su bar fayif ɗaya mai faɗin inci guda daga bayan talabijin zuwa kabad tun kafin a yi filasta, da igiyar jan waya a cikinsa.