Banatin kakana, da wanda ake min talla

Tambaya: Salam malam. Kakana tsohon soja ne, yaje yakin Bama, a akwatinsa muka tarar da banati da kubensa an rubuta 1907 a jiki. Shekarar da aka kera shi kenan? Ga wani kuma yana min tallan irinsa mai kugiya a bakin kota, wai nashi yafi daraja. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jikan kaka. Dan uwa 1907 din nan sunan samfurin banatin ne, wukar da ake makalawa a bakin bindigar Lee-Enfield ta sojan Ingila, wadda sojojinmu ma suka rike. Shekarar kira tana kasa dashi a gindin ruwan wukar, lambobi biyu ne kanana, wata da shekara, in kaga 3 da 17 to Maris 1917 kenan. A sama akwai kambin sarauta da GR ko ER, wato haruffan sunan sarkin Ingila na lokacin, kasa kuma sunan makeran, yawanci Wilkinson ko Sanderson. Juya daya gefen zaka ga 'yar kibiya ta gwamnati da alamar X, wato an tankwara shi an gwada karfinsa. Tsawon ruwan inci 17 ne, amma in ka auna kaga 12 kar ranka ya baci, a Indiya an rage wasu an kuma kera gajeru lokacin yakin duniya na biyu.

Mai kugiyar nan kuwa bi a hankali. Gaskiya ne na farko-farko da kugiya suka fito kuma suna tsada, amma tun 1913 aka daina yinta a Ingila har aka bi tsofaffin ana yankewa, shi yasa masu son kudi ke samun na baya su lika masa da walda. Duba shekarar, in 1917 ce ga kuma kugiya to likawa akayi, kar ka bada ko sisi. Fito dashi rana ka duba mahadar, walda bata cika buya ba.

Na kaka kuma dan Allah kar ka kai wa mai washi, kar ka goge da sanfefa, wallahi ina jin ciwo in naga an cinye lambobin nan garin neman sheki. Tsumma da dan man keken dinki ya isa, ka ajiye shi inda ba danshi, nesa da yara.