Filin Tambaya da Amsa: Ina da wat 1,200, amma ana barina a baya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Yayana da ke Faransa ya aiko mini da na'urar auna ƙarfi da ya daina aiki da ita, irin wadda ake ɗaurawa a fedar keke. Manhajar wayata tana nuna mafi girman ƙarfin da na taɓa fitarwa: wat 1,200 a sakan 5, wat 560 a minti 1, wat 290 a minti 5, wat 220 a minti 20. Nauyina kilo 68. In muka yi rige-rige da abokai a hanyar Doso ba mai kama ni, amma ranar tsere tun kafin rabin hanya an bar ni. Me waɗannan alƙaluma ke nufi, kuma wanne zan bi?
Daga wani matashi, unguwar Bukoki, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka wa yayanka da alheri. Tun da Bajamushen nan Ulrich Schoberer ya ƙera na'urar auna ƙarfi ta SRM a 1986, masu tseren Turai suka fara ganin ƙarfinsu a rubuce. Mu a nan da agogo da bugun ƙirji muka taso, shi ya sa nake murna in na ga irinta a hannun ɗan Yamai.

Alƙaluman nan huɗu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na sakan 5 ƙarfi ne da tsoka ta ajiye a shirye, ana zuba shi lokaci guda, cikin sakan goma zuwa sha biyar ya ƙare. Na minti 1 shi ne lokacin da jiki ke ƙona sukari da sauri fiye da yadda iskar numfashi ke isa, cinya ta ɗau wuta. Na minti 5 yana nuna iyakar iskar da zuciya da huhu ke iya kai wa tsoka. Na minti 20 kuwa hanya ce ta kimanta ƙarfin da za ka iya riƙewa wajen awa guda: ana cire kashi 5 cikin 100, naka ya zama wat 209. Raba da nauyinka, ka samu wat 3 da ɗoriya kaɗan ga kowane kilo, alhali a sakan 5 kana da fiye da 17.

To ga amsarka nan. Ƙarfinka na gajeren zango na ɗan tsere ne, na dogon zango bai kai ba tukuna. Tseren kilomita tamanin ko ɗari, kusan dukkansa da ƙarfin dogon zango ake yin sa. Idan ayari yana tafiyar da ke cin wat 230 a jikinka, duk minti ɗaya bashi kake ci daga ajiyarka, kuma ajiyar ba ta da yawa. Wat 1,200 ɗin nan kamar kuɗi ne da ka ajiye a Doso, kai kuwa ba ka da na mota daga Yamai. Manyan masu hawan dutse da keke a gasar tseren keke ta Faransa suna riƙe wajen wat 6 ga kilo har rabin awa ko fiye. Ban faɗa don ka karaya ba, na faɗa don ka ga wane irin ƙarfi ne manya ke ginawa.

Amma kafin ka yarda da 220 ɗin, ka taɓa zuwa musamman ka ba minti 20 duk abin da kake da shi? Manhaja abin da ka yi take rubutawa, ba ta san abin da za ka iya ba. Matasa da yawa kullum suna gwada gudun ƙarshe don yana da daɗi, minti 20 kuwa ba mai son sa, sai adadin ya zauna ƙasa da gaskiyarsa. Ka ware mako guda na gwaji. Rana ɗaya ka ɗumama jiki minti ashirin, ka yi minti 5, ka huta sosai, ka yi minti 1. Bayan kwana biyu ka yi minti 20 a miƙaƙƙiyar kwalta wadda ba mahaɗa ba jami'an hanya, kada ka fara da zafi, mintuna biyar na farko su zo maka da ɗan sauƙi. Kafin kowace fita ka mayar da na'urar kan sifiri, domin canjin zafi yana karkatar da awonta. Idan kuma a feda ɗaya take, ƙafa ɗaya take aunawa ta ninka biyu.

Idan gwaji ya tabbatar da 220, ka sani mai jiki irin naka lissafin nan na kashi 5 yakan yi masa ƙari, saboda ajiyar gajeren zango tana taimaka masa a minti 20. Ka ɗauki 200. Sau biyu a mako ka yi minti 20 a kan wat 185 zuwa 195, hutun minti 5, ka sake. Ƙarshen mako doguwar tafiya ta awa uku a hankali, wadda za ka iya hira a cikinta. Gudun ƙarshe sau ɗaya a mako ya isa ya riƙe maka ƙarfinka na sakan 5.

Abin da na fi so ka ji shi ne rubutu. Ka sami littafi, kowane adadi ka rubuta masa rana da lokaci da yanayi. Abin da ka fitar da asubar Janairu ba za ka gan shi da hantsin Afrilu ba, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, jini yana tafiya fata don sanyaya jiki, tsoka ta samu kaɗan. Ba rauni ba ne. Ka sa manhajar ta riƙa nuna maka na makonni shida ko wata uku da suka wuce, ba na tun ranar da ka fara ba, kuma ka sake gwaji bayan makonni shida zuwa takwas. Wata rana ka gwada minti 5 bayan tafiyar awa biyu, ka kwatanta da 290. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke nuna abin da zai rage maka a ƙarshen tsere.

TAMBAYA: Malam, mu da ba mu da kuɗin na'urar fa?
Daga wata ɗaliba, Tawa.

AMSA: Ƴata, ku a Adar Allah ya ba ku tudu, kuma tudu ya fi fili faɗin gaskiya, don a hawa nauyi ne ke aiki, iska ba ta cika ruɗa lissafi ba. Ki zaɓi hawa biyu, gajere na wajen minti ɗaya da dogo na minti biyar ko fiye, ki yi alamar farko da ta ƙarshe. Keke ɗaya, iskar taya ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, agogon waya ya ishe ki. Ranar da iskar hunturu ta taso ki bar gwajin sai ta lafa.