An ba ni riƙon laburare, daga ina zan fara tsari?

Malama, kin ce an ba ki riƙon laburaren wata kwaleji a nan Katsina, an nemi ki kawo tsarin aiki na shekara 5, kina tambayar ta ina za ki faro. Allah ya taya ki riƙo.

Ki fara da ma'aikatanki kafin littattafai. Ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya: wa ya iya jera littafi bisa tsarin Dewey (tsarin rarraba littattafai da lambobi bisa fanninsu), wa ya iya kwamfuta, wa zai yi ritaya nan kusa. Wannan na ƙarshen ne ke damuna, don sau da yawa dattijon da ya san kan kundin yakan tafi ba wanda ya koya a wurinsa. Ki haɗa shi da matashi tun yanzu.

Kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, sukan sayo littattafai da kwamfutoci, amma in babu mai sarrafa su, ƙura ce kawai za ta lulluɓe su. Masu digiri su yi rajista da LRCN, hukumar rajistar ƙwararrun ma'aikatan laburare da dokar 1995 ta kafa. Masu difloma kuma ki nema musu ƙaro karatu a ABU Zariya ko Bayero. Batun sola da tsawaita lokacin buɗewa a makonnin jarrabawa, sai ki sa su a shekara ta biyu.