Kun Tambaya, Mun Amsa: Sandar Ƙarfe da Yadin Lilo a Cikin Gida

Wata ƴar'uwa daga unguwar Birni ta rubuto: "Ina kallon mata suna motsa jiki a kan sandar ƙarfe a bidiyo, abin ya shiga raina. Mai walda ya ce zai haɗa mini da tiyon ruwa. Ɗakina na ƙasa ne, rufin azara. Zai yiwu?"

Ƴar'uwa, sha'awarki mai kyau ce, amma tiyon ruwa ki bar shi ga ruwa. Jikinsa kaushi gare shi, yana tsatsa, kuma bakin walda kan yanki tafin hannu. In aka shafa masa fenti, santsi zai yi sannan ya riƙa ɓarewa. Sandar wannan wasa bututun ƙarfe ne da aka goge sumul, mafi yawa inoks, wanda ba ya tsatsa, ko mai ruwan kurom. Faɗinta da aka fi sani milimita 45 ne, mai ƙaramin hannu ta nemi ta 40. Kada a sami walda ko ƙusa a duk tsawon da jiki zai taɓa.

Abin da ya fi damun mu shi ne rufin. Sandunan da ake sayarwa, irin na kamfanin X-Pole, ba a kafe su da ƙusa. Ana murɗa su ne har su tokare tsakanin daɓe da rufi, wato suna tura rufin sama. Dal na kankare zai jure wannan. Silin na katako ba zai jure ba, fasawa zai yi. Azara kuwa an jera ta ne don ta ɗauki nauyin ƙasa daga sama, in aka tokare ta daga ƙasa sai ta motsa, yaɓe ya tsage, damina ta zo ɗaki ya yi yoyo. Ga kuma gara, wadda kan cinye bakin azara a cikin bango ba a sani ba. Don haka ko dai ki sayi sanda mai faifan gindi wadda ke tsayuwa da kanta, ko a kafa miki a rumfar tsakar gida: a haƙa rami mai zurfin santimita 80, a zuba kankare, a ɗaure saman sandar da ƙarfen giciye zuwa ginshiƙai masu ƙwari. Magini ya sa ma'aunin ruwansa ya ga ta miƙe cak. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kada ɗoki ya sa ki hau kafin nan. Ki bar fili mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, ba gado, ba randa, ba fanka. Kullum kafin ki fara, ƙafa tana ƙasa, ki jijjiga ta da ƙarfi. In ta yi ƙara ko ta girgiza, ranar ba wasa.

"Ina da sanda mai kyau, amma hannuna zamewa yake yi, musamman da hunturu. Kuma ba na son rage tufafi." Daga wata malama a Sabon Gari.

Malama, fara duba kwalbar man shafawarki. Basilin, man kaɗanya, kowane irin mai, in kin shafa da safe yana nan a fata har yamma, ya bi sanda ya maishe ta kamar tarwaɗa. Ranar wasa sai kin gama ki shafa. Ki wanke hannu da sabulu, ki goge sandar da alkol mai digiri 70 na farmasi, domin ƙurar hunturu ma santsi ce. Da sanyin Disamba da Janairu ƙarfe mai sanyi ba ya kama fata, sai kin ɗan murza shi ya yi ɗumi. In fatar ƙafa ta bushe ta yi furu-furu, ɗigon gilisarin a cikin ruwa ya isa. Da bazara matsalar gumi ce: ki yi wasa bayan asuba, tawul a kusa, ki shafa farin allin ƴan wasa a tafin hannu. Sandar da rana ta doka a watan Afrilu tana ƙona fata. Zobe da awarwaro a cire su, lalle kuwa ba ya hana komai.

Maganar sutura tana da mafita. Ƙarfe tsirara fata yake kamawa, tufafi zamewa suke a kansa. Amma akwai sanda mai rigar silikon, wato wani irin roba, ita tufafi take kamawa, dogon wando da riga mai dogon hannu ma take so, don tana goge fata. Haka masu wasan hawan sanda irin na ƙasar Sin suke hawa, a suturce.

Wani magidanci daga Zango: "Ƴata na son rataya yadi a ƙugiyar fanka ko a reshen bedi ta riƙa lilo irin na ƴan wasan sama."

Alhaji, ka hana, ko da za ta yi fushi. Ƙugiyar fanka don fanka aka yi ta. Reshen bedi kan ruɓe ta ciki, ya karye ba sallama. Mutum in ya saki jiki yadi ya tare shi, ƙarfin da ke jan maratayi yakan ninka nauyinsa sau da yawa, shi ya sa masu sana'ar ba sa yarda da maratayin da bai ɗaukar akalla tan guda. Injiniyan gini ne zai duba wurin. Yadin ma ba atamfa ba ne, ba shadda ba, saƙar nailan ce ta musamman mai ɗan miƙewa. Tsawonsa ninkin tsayin wurin ne da ƙarin mita 2, wato tsayin mita 5 na son yadi mita 12. Ƙugiyar da ke maƙala yadin a maratayi ta zama mai makulli, da lambar kN a jikinta, 22 ko sama da haka. Kowane kN ɗaya kusan kilo 100 ne. A ƙasa a shimfiɗa katifar wasa mai tauri, kaurin santimita 20 zuwa 30, don ta barci lotsawa take har ƙashi ya taɓa daɓe. Mai koyo ta ƙulla yadin ya zama lilo daidai ƙugunta, kuma kada ta taɓa hawa ba babba a wurin.

Wata kuma ta rubuto: "Kafaɗata ta dama na ciwo tun da na fara wasan."

Ƙanwa, wataƙila kina rataya ne da kafaɗa a sake, ta haura kunne, nauyi ya faɗa kan jijiyoyin gaɓar. Ki ja kafaɗun ƙasa da baya kafin ƙafa ta bar daɓe. Ki ɗumama jiki minti 10, abin da kika yi ta dama ki yi ta hagu, kwana biyu ko uku a mako da hutun yini a tsakani. Taruwar jini a cinya da ƙwauri takan baje cikin mako ɗaya ko biyu. Suka mai tsanani, ciwon da ke hana barci, ko mutuwar yatsu, wannan sai likita. Juya kai ƙasa kuwa ki dakata, har sai kin iya ɗaga gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali ba tsalle, sau biyar a jere, ta kowane ɓangare.